Yadda ake zaɓen wuƙar lambu mai naɗewa, a wasa ta, a yi wa itace aski da ita

Duk shekara idan an gama cin mangwaro na bi ta garkunan Kwalkwalawa da na bakin gulbin Rima, abu ɗaya ne ke ƙona mini rai: rassan da aka sare da adda. Za ka ga bakin saran ya tsattsage, ɓawo ya saluɓe har ya gangaro jikin uwar itacen, ƙaro na tsiyaya. Kafin damina ta raba tsakiya wurin ya yi baƙi, ruɓa ta shiga, gara ta samu ƙofa. Adda ta sassabe ce. Itacen da kake shayarwa da hannunka kana jiran 'ya'yansa, wuƙa yake so, mai kaifi irin na askar wanzami, domin yanka mai santsi shi ne ke warkewa. Na koyi wannan aiki a hannun kawuna tun ina yaro mai ɗaukar masa guga, kuma har yau da 'yar wuƙa mai naɗewa nake yin mafi yawan gyaran itatuwana. Ga yadda ake yi, tun daga saye.

Kayan da za ka tanada

Wuƙa mai lanƙwasasshen baki kamar na shaho, ita ce ta aski da rage rassa. Idan kana da niyyar yin aure, wato ɗora reshen wani irin mangwaro ko lemu a kan dashen wani, ka ƙara da ta biyu mai miƙaƙƙen ruwa. Sai dutsen washi, wanda ake so mai fuska biyu, gefe mai kaushi da gefe mai laushi. Sai sanfefa mai laushi, da guntun sanda mai kaurin babban yatsa, da ɗan yankin fata wanda kowane baduku zai yanko maka daga ragowar aikinsa. Man keken ɗinki, sipirit, tsumma mai tsabta. Ƙaramin zarto domin rassan da suka fi ƙarfin wuƙa. Ka ajiye filasta da auduga a cikin jakar, don mai aiki da kaifi ba ya rasa ranar da zai buƙace su. Idan kuma ka daɗe ba a yi maka allurar tetanos ba, ka je a yi maka kafin ka fara taɓa tsofaffin wuƙaƙe masu tsatsa.

1. Ka san irin wuƙar da kake nema

Lanƙwasar bakin nan ba ado ba ce. Idan ka ja wuƙar, ƙugiyar ce ke riƙe reshe ta hana shi zamewa, sai kaifin ya bi ta cikinsa a karkace. Miƙaƙƙiyar wuƙa takan ture ɗanyen reshe gaba, ka yi ta bin sa.

Ƙarfen kuma iri biyu ne. Akwai baƙin ƙarfe, mai saurin ɗaukar kaifi da sauƙin washi, amma yana tsatsa idan aka bar shi da danshi. Akwai farin nan na silba, wanda ba ya tsatsa sosai amma yakan ba mai washi wahala. A wuƙaƙen Faransa za ka ga an buga Carbone a jikin na farko, Inox a jikin na biyu. A nan Sakkwato, inda muke yin wata bakwai ko takwas ba ruwan sama, ni baƙin ƙarfe na fi so. Tsatsa ba ta damunmu sai daga Yuni zuwa Satumba, kuma tsumma da ɗigon mai sun ishe ta.

Sunayen da za ka riƙa cin karo da su ba su da yawa. Opinel ta Faransa, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a 1890 a yankin Savoie, ana gane ta da ƙotar katako da tambarin hannu mai kambi. A 1955 aka ƙara mata zoben nan na wuya da ake murɗawa ya kulle ruwan, don haka idan ka samu wadda ba ta da zobe, ko dai ɗaya daga cikin ƙananansu ce ko tsohuwa ce ƙwarai. Suna yin mai bakin shaho musamman don lambu. Okapi kuwa, wadda dattawanmu suka fi sani, an fara yin ta a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka, kafin aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988. Ba don aski aka yi ta ba, amma ƙarfenta na karɓar washi, kuma mutane da yawa da ita suka koyi aure. Victorinox ta Suwizalan da Tina ta Jamus suna yin wuƙaƙen aure masu kyau, sai dai tsada. Wadda aka buga wa Sheffield kuwa daga Ingila take, garin da ya yi suna a ƙirar wuƙa tun kafin zuwan Turawa ƙasar nan.

2. Inda ake samu, da yadda ake dubawa kafin a biya

Sabuwa takan shigo ta hannun masu kayan noma da 'yan koli a Babbar Kasuwa, kayan Faransa kuma sun fi zuwa ta hanyar Illela da Ƙonni. Tsofaffi sai an yi haƙuri: wurin 'yan gwangwan, cikin tarkacen 'yan gwanjo, ko a akwatin wani dattijo da ya daina zuwa garka. Ka bar sallahu wurin mutum biyu ko uku, kada ka nuna zumuɗi idan an kawo.

Ka buɗe ta, ka riƙe ƙota da hannu ɗaya, ka girgiza ruwan hagu da dama. Idan yana lilo kaɗan, ƙusar ce ta saki, ana gyarawa. Idan yana motsi sama da ƙasa bayan an kulle, ka ajiye ta, wannan ita ce ke rufewa a kan yatsu. Ka ɗaga ta wajen haske ka duba gindin ruwan ko akwai tsaga, ko da siririya ce kamar gashi. Tsagaggen ruwa ba shi da magani. Tsatsar sama ba komai ba ce, amma ramukan da suka ci har bakin kaifi suna nufin sai ka cinye ƙarfe mai yawa kafin ka kai ga mai lafiya. Ka naɗe ta ka shafa da yatsa: tsinin bai kamata ya leƙo daga ƙota ba, in ba haka ba zai yage maka aljihu, ko abin da ya fi aljihu.

Jabu sun cika kasuwa. Tambarin ta gaskiya yakan fito sarai, haruffa a jere, ta jabu kuwa rubutunta a dagule, ƙarfenta kuma da ka ɗora a dutse za ka ji yana tafiya kamar gwangwani.

Idan ba ka samu ko ɗaya ba, ka nufi Maƙera Assada da zane a takarda. Maƙeranmu suna iya buga maka mai bakin shaho daga tsohon sifirin mota. Naɗewar ce ke da wuyar daidaitawa, don haka ni nakan ce a yi mini tsayayya mai gajeren ruwa, baduku ya ɗinka mata kube. Tana aiki ba abin da ya rage.

3. Tayar da tsohuwa

Ka ɗiga kananzir a mahaɗar, ka bar ta kwana ɗaya, sannan ka riƙa buɗewa da rufewa a hankali har ƙasar da ta taru ta fito. Tsatsar ruwan wuƙar kuma ka goge ta da sanfefa mai laushi da ɗan mai. Idan ta yi kauri, ka jiƙa tsumma da ruwan lemun tsami ko ruwan tsamiya, ka naɗe ruwan wuƙar kaɗai na kamar awa ɗaya, ka cuɗa da toka, ka wanke, ka busar nan take, ka shafa mai. Kada tsamin ya taɓa ƙota.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka kai ta wurin injin washi. Na taɓa yin wannan kuskure da wata tsohuwar wuƙa da na daɗe ina nema. Cikin minti ɗaya mai injin ya miƙo mini ita tana walƙiya, bakin ya koma shuɗi-shuɗi, rabin tambarin ya tafi. Shuɗin nan alama ce zafi ya kashe taurin ƙarfen. Tun daga ranar ba ta sake riƙe kaifi ba, kuma har yau idan na gan ta a cikin akwati sai na ji ba daɗi. Launin toka-toka da baƙin ƙarfe ke yi bayan shekaru kuma ba datti ba ne, yana ma rage tsatsa. Ka bar shi.

4. Washi

A nan ne aikin yake. Wanda bai iya washi ba, ko wuƙar miliyan aka ba shi, mako ɗaya zai mayar da ita ta yankan albasa.

Fara da duba bakin. Wuƙar aski akan wasa ta ta fuska biyu. Wuƙar aure kuwa sau da yawa fuska ɗaya ce ke da gangare, ɗayar a shimfiɗe take, domin yankan ya fito a miƙe. Wannan shimfiɗaɗɗiyar fuskar ba a yi mata gangare, ana dai kwantar da ita gaba ɗaya a dutse a shafa sau biyu ko uku. Bahago ya lura: akwai ta dama, akwai ta hagu.

Ka jiƙa dutsen da ruwa har ya daina sha. Ka kwantar da ruwan wuƙar, sannan ka ɗaga bayanta kamar kaurin tsinken ashana uku a kan juna. Wannan tazarar ita ce za ka riƙe daga farko har ƙarshe, kuma riƙe ta ɗin shi ne duk sirrin. Ka tura kamar mai son feren fuskar dutsen, daga gindi zuwa tsini, ba da ƙarfi ba. Nauyin yatsu biyu ya isa. Bayan shafa goma ko goma sha biyar, ka taɓa ɗaya gefen da babban yatsa, kana jan yatsan daga bayan wuƙa zuwa baki, ba tare da tsawon kaifin ba. Za ka ji wani ɗan leɓe mai kaushi ya juyo. Sai leɓen nan ya fito tun daga gindi har tsini sannan za ka juya gefe. Masu koyo sukan ƙosa su juya tun bai fito ba, su yi ta goge kafaɗar ƙarfe ba su taɓa bakin ba. Dabara mai sauƙi: ka shafa alƙalamin maka a gangaren, ka yi shafa biyu, ka duba. Inda tawada ta goge, nan kake ci.

Cikin lanƙwasar bakin shaho shimfiɗaɗɗen dutse ba ya shiga. Nan ne sandar nan za ta yi amfani. Ka naɗe ta da sanfefa, ka riƙe wuƙar a tsaye a kan benci, ka bi cikin lanƙwasar da sandar kana ɗan murza ta, tazarar dai ita ce ta ɗazu. Idan dutsenka ya tsufa gefensa ya yi kumburi, shi ma yana yi. In babu dutse kwata-kwata, kife kofin tangaran, zoben gindinsa da ba a yi wa sheƙi ba yana wasa wuƙa sosai.

Daga nan ka koma gefe mai laushi, kana rage nauyin hannu. Ƙarshe sai fata. Ka shimfiɗa ta a kan katako, ka ja wuƙar da baya, wato bayanta ne a gaba kaifi na biye, sau goma kowane gefe. Wannan ne ke cire leɓen. Fatar akuyarmu ja ta Sakkwato tana yin wannan aiki yadda ake so. Gwaji kuwa, ka riƙe takardar littafi a iska ka yanka. Idan ta bi shar ba tare da yagewa ba, ta yi. Inda ta tsaya, nan ne ya rage.

Kawuna ba ya jiran wuƙa ta dakushe. Yakan gama itace biyu ko uku, ya zauna a kan kunya, ya zaro fatarsa daga aljihu. Idan na nuna gajiya sai ya ce, "Yaro, yuƙa ba ta son a bari sai ta yi kuka. Ba ni ruwa nan." Wanda ya riƙe wannan ɗabi'a, sau ɗaya a wata ya ishe shi komawa dutse.

5. Riƙo da tsayuwa

Ka tabbata ruwan ya buɗe har ƙarshe, in da makulli ka kulle. Yatsu huɗu su naɗe ƙota. Hannun hagu ya riƙe reshen a ƙasan inda za ka yanka, yankan kuma ya tafi sama, nesa da hannun. Ƙarfin daga kafaɗa da gwiwar hannu yake fitowa, wuyan hannu a kafe. Ka tsaya ta gefe yadda idan wuƙar ta kuɓuce za ta wuce iska, ba cinyarka ko fuskarka ba, kuma ka duba babu yaro a kusa.

Za ka ga tsofaffin masu lambu suna tokare reshe da babban yatsa suna jawo wuƙa zuwa gare shi. Sun yi shekara talatin suna yi. Kai kada ka fara da haka. Tabon da ke babban yatsana na dama daga nan na same shi.

6. Yankan kansa

Iyakar wuƙa reshe mai kaurin ɗan yatsa. Abin da ya wuce haka na zarto ne. Kada ka murɗa ruwan a cikin itace, kada ka doke bayansa da dutse. Mahaɗar wuƙa mai naɗewa ba ta ɗaukar wannan.

Idan rage tsawon reshe za ka yi, nemi ido, wato ɗan kumburin da ke hammatar ganye inda toho ke fitowa. Zaɓi wanda ke kallon waje, don sabon reshe ya fita daga cikin itacen. Ka yanka kamar rabin santimita a samansa, a karkace, gangaren ya juya wa idon baya don ruwan sama ya zube ta can. In ka matsa kusa ido zai bushe, in ka yi nisa guntun da ya rage zai mutu ya jawo ruɓa. Ja ɗaya ake so. Ka ɗan tanƙwara reshen kaɗan zuwa nesa da bakin wuƙa, za ka ji naman itacen ya buɗe mata hanya.

Idan cire reshen gaba ɗaya za ka yi, ka duba gindinsa, akwai wani ɗan kumburi kamar wuyan riga inda ya haɗu da uwa. A wajen kumburin ake yanka, a bar shi, domin daga nan ne sabon nama ke tasowa ya rufe ciwon. Masu shafe shi daidai da jikin uwa don ya yi kyan gani suna faɗaɗa ciwo ne kawai.

Babban reshe kuma yanka uku ne da zarto: na farko ta ƙasa, kamar taƙi ɗaya daga uwa, zuwa sulusin kaurinsa, na biyu ta sama, gaba kaɗan, har ya faɗi, na uku a cire guntun. Sannan ka kawo wuƙa ka fere gefen ɓawon da zarto ya tattauna har ya yi santsi. Ba sai ka shafa fenti ko baƙin mai ba. Baƙin mai ma ƙona ɗanyen nama yake yi.

Tsakanin itace da itace ka goge ruwan da sipirit, musamman bayan ka taɓa mai ciwo, don wuƙa na ɗaukar cuta kamar yadda aska ke yi. In babu sipirit, bilic kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, amma ka ɗauraye ka busar, don yana cin baƙin ƙarfe.

7. Me za a cire, kuma yaushe

Ka fara da matattu da masu ciwo, sai masu gugar juna, sai waɗanda suka juya ciki. Kauci kuwa kada ka tsinke shi kawai, saiwarsa na cikin reshen. Ka yanke reshen a ƙasa da kumburin da ya yi.

Mangwaro ana yi masa aski da zarar an gama tsinka, dab da faɗuwar damina. Idan ka bari sai hunturu, furen da za ka ci ne kake zubarwa. Ka kiyayi ƙaronsa, yana ƙona fata, kuma ka goge shi daga wuƙa kafin ya bushe. Lemu ba ya son aski mai yawa. Babban aikinsa shi ne cire tohon da ke fitowa a ƙasan mahaɗar aure, tun yana ɗanye, domin in ka bar shi zai rinjayi na sama, ka wayi gari lemun zaƙinka ya koma na tsami. Gwaba a sabon toho take 'ya'ya, don haka tana son a riƙa rage mata kai. Zogale idan ya kai ƙugu ka datse kansa, sai ya yi rassa ya ba da ganye inda hannu ke kaiwa.

Gargaɗin da ya fi shafarmu a nan: kada ka yi wa itace ƙwal a bazara. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ɓawon da ya saba da inuwa idan rana ta same shi kai tsaye sai ya ƙone ya tsage. Ko a lokacin da ya dace, kada ka cire fiye da rubu'in ganyen itace a zama ɗaya.

8. Aure a taƙaice

Tsakiyar damina ya fi kamawa, lokacin da iska ke da danshi. Uwa, wato dashen da za a ɗora wa reshen, mai kaurin fensir, ɗan reshen irin da kake so shi ma haka, tsawon kamar santimita 10 zuwa 15, wanda ka cire wa ganye mako ɗaya kafin ranar. Ka datse kan uwar, ka tsaga ta santimita 3 zuwa 4. Ka fere gindin reshen ta gefe biyu kamar bakin gatari, kowane gefe ja ɗaya, kada ka taɓa wurin da yatsa. Ka soka, ka tabbata ɓawo ya haɗu da ɓawo ko da ta gefe ɗaya ne, ka ɗaure da yankin leda tam, ka rufa masa farar leda, ka sa a inuwa. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga toho. Kafin ka taɓa dashenka, ka yi ta gwaji a rassan dogon yaro har yankanka ya daina yin kwari a tsakiya.

9. Ajiya, da tarawa ga mai sha'awa

Bayan kowane aiki: goge, busar, ɗigon man keke a mahaɗa, shafa kaɗan a ruwan wuƙar. Kada ka sa man gyaɗa, yana daskarewa ya yi danƙo ya kira tururuwa. Ƙotar katako tana kumbura da damina har wuƙa ta ƙi buɗuwa. In Opinel ce, ka buga ƙarshen ƙotar a kan benci, ruwan zai leƙo. Da hunturu kuma katako da ƙaho sukan bushe su tsage, sai ka riƙa shafa musu man kaɗe, kuma kada ka bar su a rana ko cikin mota. Kada ka ajiye baƙin ƙarfe cikin kube na fata tsawon damina, fata na riƙe danshi.

Idan sun fara yawa, ka samu ɗan littafi ka rubuta kowace: abin da aka buga a jikinta, inda ka samo ta, shekarar, da wanda ya riƙe ta kafin kai in an sani. Ni nakan fito da su bi da bi, kowace ta yi mako a garka, ban da guda biyu da ruwansu ya sirance. Ka ajiye akwatin inda yara ba sa kaiwa. Idan za ka fita da ita, ta zauna cikin jakar kayan aiki tare da zarto da dutse, kada ka saba yawo da ita a aljihu cikin gari ko wurin taro, in kuma tafiyar jirgi ce ka sa ta cikin kayan awo.